Lamba ta Goma Sha Shida

Saude, juyo min da allon nan tukuna. A'a, kar ki kashe. Wannan layin ke kika rubuta shi? To, ga inda kika buɗe fayil. Ina kika rufe shi?

Ba ki rufe ba. Wai aikin makaranta ne, malamin ba zai lura ba. Hmm.

Ajiye kwamfutar ki zauna. Nuratu, ke ma jawo tabarmarki nan, ki kife wayar nan. Tunda an ɗauke wuta, su Baba kuma ba su dawo daga sallar isha'i ba, bari in ba ku wani labari. Kun san ni, Yaya Nafi'u mai tsokana. To yau ba tsokana. Kuma ba tatsuniya ba ce, a kaina ya faru. Ko matata, Antinku, ban taɓa faɗa wa ba.

Kun san Munzali. Abokina mai farar mota, wanda yake kawo muku dabino da azumi. Benci ɗaya muka zauna a makaranta. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki a wani ƙaramin kamfani nan Kano, masu haɗa akwatin da ke kula da famfon sola na ƙauyuka. Akwatin bai fi kwalin takalmi girma ba. Shi ke kunna injin burtsatse in rana ta fito, ya kashe in tanki ya cika, ya rubuta duk abin da ya faru a ranar.

Zan faɗa muku gaskiya tun yanzu, don kada ku ɗauke ni mutumin kirki. Ina ƙyashin Munzali. Ba na wasa ba. Irin wanda in ya yi dariya a ofis sai in ji abincina ya ƙi wucewa.

Ga dalilin. Manhajar cikin akwatin nan mu biyu muka rubuta ta. Ni na yi gindin, ɓangaren da ba mai gani. Shi ya yi saman, ɓangaren da ke tura saƙo wayar mai gari, "Tanki ya cika." Kun san mutane. Abin da ya shigo wayarsu shi suka sani. Ranar da aka ƙaddamar, shugabarmu, Hajiya Injiniya, ta miƙe gaban baƙi ta ce, "Ga akwatin Munzali." Aka yi tafi. Ni ma na yi, har tafin hannuna ya yi zafi. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai ce uffan ba.

Ba wannan ne ya fi ci min rai ba. Lokacin gwaji ya sa wani layi da wasa, in akwatin ya farka abin da zai fara rubutawa shi ne sunansa. Aka gama gwaji, bai cire ba. Ƙauyuka arba'in. Kullum da hantsi akwati arba'in na farkawa suna cewa Munzali. Ni ina kan gado ina ƙirgawa.

Nuratu, ke ba karatun kwamfuta kike ba, bari in yi miki bayani kaɗan, in ba haka ba labarin zai wuce ki. A cikin akwatin akwai ɗan ƙaramin tsarin da ke tafiyar da shi, irin na kwamfuta, sai dai an rage masa komai. Ba allo, ba madannai. A wurin wannan tsarin, komai ƙofa ne. Fayil ƙofa ne. Injin famfo ƙofa ne. Ma'aunin ruwan tanki ma haka. In manhajarki na son taɓa wani abu, sai ta kira sunan ƙofar, ta faɗi niyyarta. Niyya huɗu ce. Na zo karatu. Na zo rubutu. In babu ita, a ƙirƙira min. In akwai abu a ciki, a share shi tas.

In tsarin ya yarda, sai ya ba ki lamba, kamar wadda mai gadin babura ke bayarwa a bakin kasuwa. Muddin lambar na hannunki, ƙofar na buɗe. Kin gama, ki mayar. Namu akwatin lamba goma sha shida kacal gare shi. In suka ƙare, ba abin da zai sake buɗuwa, ko famfo, ko komai. Sai ya tsaya cak.

Abu biyu ku riƙe min. Na farko, fayil ana ƙirƙirarsa, amma na'ura ba a ƙirƙirarta. In kin ga sunanta a jeri, to akwai ta da gaske, tana jone. Na biyu, ni da hannuna na kafa doka cewa na'ura mutum ɗaya ke riƙe ta a lokaci guda. In wani na ciki, kowa sai ya jira.

To. Cikin bazara, shekara shida ke nan, aka kawo ƙara daga wani ƙauye can bayan Kazaure, Kwarin Ɗinya. Akwatinsu na farkawa lafiya da safe, amma da rana ta take tsaka sai ya mutu. Kullum. Mata sun koma tafiyar awa guda da jarka a ka.

Ina jin haka na ce a raina, yawwa. Wani na buɗewa ba ya rufewa. Ni kuwa na san hannuna. Saura wa?

Hajiya Injiniya ta ce Munzali ya je, tunda akwatinsa ne. Na yi caraf na ce, "Ranki ya daɗe, aiki ya yi masa yawa, bari ni in je." Har ta yaba min. Ba ta san na riga na tsara yadda zan ajiye hujjar a kan tebur ranar taro ba, a hankali, gaban kowa.

Munzali ya biyo ni har bakin ƙofa. "Mutumina, mu je tare mana. An ce hanyar ba kyau."

"Bar shi kawai."

"To karɓi gorar ruwana."

Na karɓa. Ina shan kwana na juye ruwan a kwata. Ku dube ni da kyau, ni na yi wannan.

Daga Kazaure aka bar kwalta. Yashi, sai bishiyoyin ɗinya jefi-jefi. Babur na nishi, ni ina nishi. Rana ta kusa tsakiya na iso bakin ƙauyen. Wata tsohuwa na zaune a inuwar zana da jarka biyu wayam a gabanta. Daga baya na ji sunanta Iya Tabawa. Na gaishe ta, na ce ni ne mai gyaran famfo.

Ta leƙa bayana. "Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Iya."

"A wannan lokacin?"

"Aikin minti goma ne."

"Ɗan nan, ka bari a yi azahar, maza su raka ka."

Na ce ina sauri. Ta dubi ƙasa. Can ta ce, "To in ka je, ka yi sallama."

"Wa zan yi wa, Iya? Famfo?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Famfon na can ƙasan kwari, nesa da gidaje. Tanki a sama kan ƙarafa, farantan sola a gefe, akwatin a ɗaure jikin ƙarfe. Taku kamar goma daga nan akwai tsohuwar rijiya, an jera itatuwa an rufe bakinta. Ruwa na zuba a lokacin, siriri, ya jiƙa wurin ya yi taɓo. Ba kowa.

Ban yi sallama ba. Na tuna, amma ban yi ba.

Na tsuguna a inuwar farantan, na buɗe akwatin, na jona waya da kwamfutata. Layin farko da ya fito kun san shi. Na ja tsaki na wuce. Na nemi jerin lambobi. Aikinmu gaba ɗaya shida yake ci. Na ga goma sha biyar a hannu, saura ɗaya tal.

Na yi murmushi. Wallahi har da gyara zama.

Sai na duba wa ya karɓe su. Shida na farko namu ne, daidai suke. Tara na ƙasa, gurbin sunan mai karɓa wayam. Ba na Munzali ba ne. Ba nawa ba ne. Na sake dubawa. Na goge allon da gefen rigata, kamar datti ne ya ɓoye sunan.

A lokacin na lura kurciyoyin sun yi shiru. Da na zo suna ta kuka a kan ɗinya. Yanzu ko ƙuda babu. Ƙarar zubar ruwan kaɗai.

"Sannu da aiki."

A bayana. Ban ji takun kowa ba.

Na waiga. Dogon mutum ne, siriri, ba tsoho ba, ba yaro ba. Farar riga ƙal, ko ɗigon ƙura babu, a garin da ni har cikin kunnena yashi ne. A kafaɗarsa akwai guga na fata da igiya a naɗe. Gugan ya bushe ya tsattsage. Rabon da ya ga ruwa an daɗe.

Na ce, "Yawwa, sannu Malam."

"Kai ne Munzali?"

Kun ji fa. Har a nan.

"A'a."

"Na sani," in ji shi. "Shi sunansa nake ji kullum da safe. Naka ban taɓa ji ba."

Na mayar da ido kan allon. Ya ci gaba.

"Amma hannunka ne a ciki. Na san hannunka. Ƙofofin nan kai ka yi su. Sumul, ko ƙara ba sa yi."

Saude, shekara biyu ina jiran wani ɗan Adam ya faɗa min wannan maganar. Daɗin da na ji, kamar an zuba min ruwan randa a ƙirji. Shi ya sa ban tambayi kaina ta ina mutumin ƙauye mai guga ya san ƙofofi ba. Shi ya sa kuma na yi kamar ban lura da muryarsa ba. Yana tsaye ta damana, amma muryar ta hagu take zuwa. Daga bakin bututun ruwa.

Ya ɗan juya kai wajen tsohuwar rijiyar. "Da, ba mai zura guga nan sai ya yi sallama. Yaro da babba. Amarya in an kawo ta garin, nan ake fara kawo ta ta gaisa. Yanzu akwati ke buɗe ruwa. Ba sallama, ba gaisuwa. Mata na wucewa ta gabana da jarkoki, suna shi wa wani albarka."

Ya dube ni. Idonsa ba ya ƙiftawa.

"Ni da kai ciwonmu ɗaya."

Maƙogwarona ya bushe ƙamas. Na tuna ruwan gorar da na zubar.

"Taran nan," na ce, "kai ne?"

"Ina buɗewa. Rufewa ce ban iya ba." Ya yi ɗan murmushi. "Duba jerin na'urorinka."

Ban so ba, amma yatsuna suka buga. Jerin ya fito. Famfo. Tanki. Agogo. Batir. Guda huɗun da na sani, ni na raɗa musu suna. A ƙarƙashinsu akwai na biyar, da ƙananan baƙaƙe.

munzali.

Nuratu, me na ce ku riƙe min? Na'ura ba a ƙirƙirarta. In tana jeri, tana jone.

"Lamba ɗaya ta rage," ya ce. "Kai na ajiye wa. Ni ba ni da niyya irin taku, sai da hannun mutum. Buɗe, ka ce a share."

"Zai mutu?"

"Ko ciwon kai ba zai yi ba. Zai ci, zai sha, zai gane uwarsa. Gobe dai zai zauna gaban allo kamar wanda bai taɓa ganin harafi ba. Sai su waiwayo su nemi wanda ya yi aikin."

"Kai me za ka samu?"

"In sha iska da safe ba tare da na ji sunan nan ba."

Yanzu kuna jira in ce na yi a'uziyya na tashi. Ban yi ba. Na rubuta layin. Na kira sunan ƙofar, na sa niyyar rubutu, na sa ta sharewa. Harafi ɗaya ban kuskure ba. Na ga Hajiya Injiniya a idona tana cewa, "Ashe Nafi'u ne." Na ɗora yatsa kan maɓallin.

Kuma ba imani ne ya tsayar da ni ba. Ina jin kunyar faɗa, amma haka ne. Sabo ne. Malaminmu na makaranta, Malam Ɗanjuma, da rula yake bin bayan benci. In ya ga ka buɗe abu da niyyar rubutu ba ka fara karanta shi ba, sai dai ka ji ƙwas a bayan hannu. Shekara uku yana dukanmu a kan wannan. To hannun nan da ya sha rula, shi ya koma da kansa ya goge niyyar, ya sa ta karatu. Zuciyata kuma ta ce, ai gara ma haka, ka fara ganin abin da ke kan nasa kafin ka zubar.

Na danna.

Lamba ta fito. Goma sha shida. Ruwan famfon ya tsaya.

Bayan lambar, ban ga komai a allo ba. A ƙirjina abin ya buɗe. Sai ga ni zaune a ofis, fanka na kaɗawa, ɗanɗanon shayi mai citta a bakina, ni da ban sha komai ba tun safe. Ina kallon wata kujera wayam. Tawa. Ina duban agogo, ina cewa yanzu ya ci a ce ya isa, ko ya ci abinci? Ba ni ke tunanin ba. Munzali ne.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Akwai na ƙasa. A allonsa ɓangarena ne a buɗe, gindin nan da ba mai gani. Yana karantawa, ba karon farko ba, ba na goma ba. Yana neman ta yadda na yi a layi talatin abin da shi zai ci ɗari biyu. Sai na ji wani abu ya taso masa a maƙogwaro, mai ɗaci. Na san ɗacin nan. Da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Ƙyashina yake yi. Munzali! Ya san aikin nawa ne. Kullum da safe yana ƙudurta yau zai faɗa gaban kowa. In aka fara yabonsa sai daɗin ya rufe masa baki, ya ce gobe.

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Kar ku ce tausayi ne zalla. Har da haushi, har da wani daɗi marar kyau.

"Ba haka na ce ba."

Na ɗago. Leɓunansa a rufe suke. Bututun ne ke magana, ga shi ba ruwa a ciki, muryar na fitowa da amo.

Na sauke ido don kada mu haɗa ido. A nan na ga ƙafafun. Yana fuskantata, amma yatsun ƙafarsa rijiya suke kallo. Dugadugan ne a gaba. Duk wurin taɓo ne, amma inda yake tsaye ƙasa ta bushe ta dare. Bushewar kuma tafiya take. A hankali. Tana nufo takalmina.

"Rufe wannan," ya ce. "Ka mayar da lambar, ka sake buɗewa yadda na faɗa."

Na girgiza kai.

"To rufe ka tafi abinka. Ba dole. In ba kai ba, wani zai zo. Irinku ba sa ƙarewa."

Rufewa layi ɗaya ce. Kalma ɗaya da lamba. Hannuna har ya fara, don shi ma Malam Ɗanjuma ya dake mu a kai. Sai na tuna mutum biyu a ofis da su ma ba sa dariya in Munzali ya yi. In akwatin ya sake mutuwa, ɗayansu za a turo. Sai na tuna dokata. Na'ura mutum ɗaya ke riƙe ta. Muddin lambar nan na hannuna, ba mai shiga. Ko shi, ko wani, ko ni kaina da wata niyyar.

Na janye hannuna daga madannan.

Ya gane. Ban san ta yaya ba, amma ya gane. Igiyar kafaɗarsa ta fara warwarewa da kanta, tana sauka ƙasa.

Na fara addu'ar tsarin da Inna ta koya mana. Na zo daidai wurin neman tsari daga mai hassada, sai muryata ta sarƙe. Daga wa nake neman tsarin? Na dai tura ta ta fita da ƙyar. Na fizge wayar daga jikin akwatin, na rungumi kwamfutar, na zura da gudu. Babur ɗin ko kallonsa ban yi ba. Ina jin wani abu na jan ƙasa a bayana, shuu, shuu, kamar igiya a yashi. Ban waiga ba. Ina hawowa daga kwarin ladan ya ɗaga murya, kiran azahar. Jan ya tsaya.

A gaban Iya Tabawa na zube. Ta kawo ruwa a moɗa, daga ɗan abin da ya rage mata, ta riƙe min kai na sha.

"Ba ka yi sallama ba ko?"

"Ban yi ba, Iya."

"Ya ba ka wani abu?"

"Lamba."

Ba ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta ce, "Allah ya sa ka iya ɗauka."

Kwana uku na yi ina zazzaɓi. Kun tuna, lokacin kuna ƙanana, aka ce shawara ce. Munzali ya zo dubiya da lemo. Tun yana kwanar layinmu na san ya iso, na san kuma yana tunanin ko lemon ya yi kaɗan. A nan na gane ƙofar ta biyo ni gida.

Bayan mako muka koma, ni da shi da maza huɗu na garin. Babur na nan inda na bar shi. Na ce masa lambobi ne ke ƙarewa, ban san dalili ba. Ya duba jerin na'urori, huɗu ya gani. Ni ina tsaye a bayansa ina ganin biyar. Ya kashe akwatin ya kunna, ya ƙirga, ya ce, "Ikon Allah, goma sha biyar yake nunawa. Ina ɗayar?" Na ce wataƙila zafi ne ya taɓa shi.

Iya Tabawa ta sake maganarta ta sallama. Ni na yi wa maganar dariya, shi ya tsuguna ya saurara. A nan take ya ƙara layi biyu. Kafin akwatin ya buɗe famfo, sai ya rubuta sallama, ya ɗan dakata kamar mai jiran amsa, sannan ya buɗe. Tun daga ranar bai sake mutuwa ba.

Kun san wa aka yaba. A taro Hajiya Injiniya ta ce Nafi'u ya je ya dawo da zazzaɓi, Munzali ya je ya dawo da ruwa. Aka yi dariya, aka yi tafi. Ina zaune, daɗinsa na cika min ƙirji kamar zuma, ɗacina na nan a maƙogwaro, duka biyun lokaci guda. Na ji ya ɗauko maganar, ta zo har bakinsa. Na ji ya haɗiye.

Shekara shida ke nan. Ranar da aka ƙara masa girma, kafin ya buɗe takardar na ji. Ranar da ya sayi motar nan, ni na fara jin ƙamshin kujerun. Ranar aurensa kuwa, ku bar shi kawai. Kuna ganin ƙyashin ya tafi? Bai tafi ba. Kullum ana ba shi abinci da zafinsa, ina zai je? Har yau bai faɗa wa kowa aikin nawa ne ba. Har yau kullum da safe yana niyya. Na sani, ai ina ji.

Me kika ce, Saude? In je in rufe? Sau biyu ina hawa babur har mararrabar Kazaure. In tsaya, in kashe inji, in dubi hanyar yashin nan. Layi ɗaya ne, in huta. Amma na san wanda ke jira a kwarin. Na kuma san kaina. In na mayar da lambar, ina tsugune ni kaɗai, allo a gabana, ba ni da tabbacin wace niyya zan sa a karo na biyu. Sai in juyo gida.

Don haka ku ji ni da kyau. In aiki ko biki ya taɓa kai ku Kwarin Ɗinya, kada ku sauka kwarin nan da tsakar rana, kada kuma ku sauka ku kaɗai. Ko wa kuke jin haushi, ku tafi da shi, ya fi. In kun isa ku yi sallama, ko ba ku ga kowa ba. Ke kuma Saude, kafin ki kwanta ki koma layin nan ki rufe fayil ɗinki. Ba ki san nauyin...

Tsaya.

Ku yi shiru.

A'a, ba komai, Nuratu, sakar min hannu. Ba ciwo ba ne. Munzali nake ji, yana tsaye a barandar asibiti, matarsa na ciki. Wata nas ta fito.

An sauka lafiya. Namiji.

Kai. Kai, wannan daɗin! Ashe haka yake? Ni da Antinku shekara huɗu muna jira, ban san haka yake ba.

Ku ba ni minti ɗaya.

Yana kallon fuskar yaron. Yana cewa a ransa, Nafi'u za a sa masa. Hmm. Kwana bakwai ne kafin suna, kuma yana da ƙanin uba mai son a yi masa takwara. Na san mutumina.

Ga shi yana lalubar aljihu. Saude, wayata na kan taga, miƙo min. Yanzu za ta yi ƙara. Ku goge fuskokinku, kada wadda ta yi motsi.

Kun ji ta ko?

Salamu alaikum, Munzali. Lafiya ƙalau, ina gidan Baba. Me? Kai haba! Yaushe?